Tafiyar Ƙasa Ba Talauci Ba Ce: Sharhi Kan Motsa Jiki a Ƙasar Daura

  Yau a ƙasar Daura za mu yada zango, don haka gaisuwa ta musamman ga na cikin birni, da na Sandamu, da Zango, da Baure, da Mai'aduwa har bakin iyaka a Kwangwalam.

Da yawanku za su tuna Babbar Sallar shekarar 2018, cikin watan Agusta. An idar da sallar Idi a Daura, sai marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya bar mota ya taka da ƙafa ya nufi gida. Mita 800 aka ce ya yi. Kafin a gama fiɗar raguna magana ta gama ƙasa. Mai magana da yawunsa, Malam Garba Shehu, ya ce ga amsa nan ga masu cewa tsufa da jinya sun ci ƙarfinsa, ba zai iya neman zaɓen 2019 ba. 'Yan hamayya suka ce yaushe mita 800 ta zama abin kuri. Shi kuwa mai tafiyar daga baya ya ce ba gwajin ƙarfi ya yi ba, mutanensa ne suka fito ganinsa, ya sauko su gan shi.

Siyasar ta wuce, ba ita ta kawo ni ba. Mita 800 tafiyar minti goma ce ga mai lafiya. 'Yar Fillo mai tallar nono da ke shigowa Daura daga ruga tana ninka ta sau da yawa kafin hantsi, ga ƙwarya a ka, kuma ba jaridar da ta taɓa buga labarinta. Abin da ya mayar da waccan tafiya labari shi ne babban mutum ne ya yi ta. A wurinmu babba ba ya taka ƙasa. Nan matsalarmu take, kuma a kanta nake so mu tsaya.

Yanzu zancen motsa jiki ya shigo gari. Wanda ya leƙa Kano ko Kaduna ko Abuja ya ga gidajen motsa jiki na zamani, da madubai tun daga ƙasa har sama, da na'urar gudu, da kekunan da ake tuƙawa ba su zuwa ko'ina, a biya kuɗin wata a riƙa zuwa. Samarinmu suna kallon irin wannan a waya, suna cewa ina ma a ce ga shi a nan Daura, a Tudun Wada ko Sabon Gari. Ba na ƙin wannan buri. Amma ko yau aka wayi gari an jera irin waɗannan gidaje daga unguwar Kusugu har Mazoji, mutanen da suka fi kowa bukatar motsi ba za su shiga ba. Magidanci mai shekara 50 da teɓa ba zai shiga ba. Hajiya uwar 'ya'ya shida ba za ta shiga ba. Ba rashin na'ura ne ya zaunar da su ba, idon mutane ne.

Ku duba yadda Daura ta sauya. A shekarar 2019 kaɗai an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, an buɗe asibitin sojojin sama, an kuma aza harsashin Jami'ar Sufuri. Ga bataliyar soja, ga Kwalejin Yusuf Bala Usman da ta riga su, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka tsara ya ratsa ta nan. Alheri ne, mun gode Allah. Amma duk inda aikin albashi ya yawaita, zama ya yawaita. Gari ya miƙe, sababbin unguwanni sun yi nisa da kasuwa da fada, wanda a da zai taka daga unguwar Sarkin Yara zuwa ta Ubandawaki yanzu sai ya tsayar da ɗan acaɓa ko Keke Napep. Ma'aikaci ya tashi daga katifa ya hau babur, daga babur ya hau kujera, a tashi aiki ya zarce majalisa ya zauna kan benci ana shayi ana siyasa har isha. Ku lissafa mini takun da ya yi a yinin nan. Na zuwa masallaci ne kawai, shi ma masallacin a ƙofar gida yake.

Cimarmu kuwa ba ta ragu ba, ƙaruwa ta yi. Furar da kakanninmu ke sha su yini a bakin garma, ita muke sha mu kwanta, har da ƙarin cokali uku na sukari. Ga lemon kwalba, ga shayi mai kauri, ga taliyar yara da dare, ga ɗanɗano dunƙule biyar a tukunya ɗaya.

Jiki ba ya yafe irin wannan. Tsoka ita ce babbar mai cin sukarin da ke cikin jini. Idan tana aiki takan zuƙe shi ta ƙone, idan aka bar ta kwance sai sukarin ya yi ta yawo, a hankali jiki ya daina jin maganar sinadarin insulin, ciwon suga ya samu ƙofa. Zuciya ita ma tsoka ce, mai sa ta aiki a kai a kai tana harba masa jini ba tare da wahala ba, jijiyoyinsa kuma ba sa saurin ƙagewa. Masu bincike na ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin manya uku a Najeriya na ɗauke da hawan jini, kuma da yawa ba su sani ba, domin ciwo ne da ba ya sallama. Sai dai a ji an ce wane ya faɗi a banɗaki, ɓarin jiki ya shanye. Nan take mu ce jifa ne, ko iska ta buge shi, a shiga neman hayaƙi, alhali da an ɗaura masa awo a hannu tun shekara biyar baya da an ga lambar ta haura 140 bisa 90.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗi gwargwadon abin da baligi ke bukata: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na abin da zai ƙarfafa tsoka. Yara kuma awa ɗaya kullum. A rahoton da ta fitar a 2024 ta ce kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya, wajen mutum biliyan 1.8, ba sa cika wannan ma'auni, kuma mata sun fi maza gazawa, kashi 34 a kan 29. To, minti 150 ɗin nan, idan ka raba shi kwana biyar, rabin awa ne. Tafiya ce mai ɗan sauri, wadda za ka iya magana a cikinta amma numfashinka ya ɗan ɗaga. Kilomita biyu da rabi ke nan ko kusa da haka. Ba ta bukatar katin gidan motsa jiki, ba ta bukatar wutar Nepa.

To me ya hana? Ku gwada ku gani. Alhaji ya sa takalmi ya hau titi da sassafe, kafin ya yi nisa babur uku sun tsaya. "Ranka ya daɗe, lafiya? Ina motar?" "Baba, hau in ƙarasa da kai." Kafin azahar an kai labari majalisa cewa wane fa kamar abubuwa sun tsaya masa, jiya an gan shi yana sayyada. In kuwa ya kuskura ya sa wandon wasa yana sassarfa, sai a ce dattijo ya zubar da girma. Su masu tsayawar don girmamawa suke yi, ban zarge su ba, tarbiyyarmu ce. Amma girmamawar da za ta kai mutum gadon asibiti tana bukatar gyara. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, mutane da dama sun jingine motoci, wasu sun kakkaɓe kekunansu. Dole ce ta sa, kuma har yanzu da kunya ake yi. Ni kuwa na ce ko man ya dawo araha kada a mayar da keken nan rumbu.

Abin mamaki, mu mutanen ƙasar Daura mun fi kowa sanin wannan ilimi, sai dai a kan doki. Garin hawan Sallah ne da Sallar Gani, kowa ya san dokin da aka bari a turke yana cin dawa da harawa ba a fitar da shi, ranar hawa kunya zai ba mai shi. Shi ya sa ake masa kilisa da yamma. Mai dokin da ya biya yaro ya fitar da ingarma ta zagaya gari, shi yana kishingiɗe a zaure, ya san hakkin jikin dabba, ya manta nasa.

Bari in juya ga samari, domin su ba su jira kowa ba. Kusan kowace unguwa a garuruwanmu akwai wani kango ko lungu da 'yan ɗaga ƙarfe suka mayar wurin atisaye. An zuba siminti a gwangwanayen fenti biyu an soka bututun ƙarfe a tsakiya, an samo tsohon ƙarfen mota daga gareji, mai walda ya haɗa benci. Da asuba ko bayan la'asar za ka ji su suna ƙirga wa juna. Ina jinjina musu. Yaron da ya tashi da asuba don ya ɗaga ƙarfe ya fi wanda ya kwana a kan waya, kuma iyaye su daina yi wa duk mai ƙwanji kallon ɗan daba. Da yawansu shirin shiga soja ko ɗan sanda suke yi, wasu kuwa sha'awa ce kawai, kuma halal ce.

Amma ƙannena, akwai gyara. Gwangwanayen nan ba a auna su ba, sau da yawa ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kafaɗa guda ke ɗaukar zaluncin. Ana gasar wa ya fi ɗaga mai nauyi ba tare da an koyi yadda ake tsayuwa da sunkuyo ba, ƙarshenta ciwon baya, ko ƙaba, ko a kwashi mutum sai gidan maɗori. Kowa ƙirji da damtse yake ginawa, ƙafafu an bar su kamar ba na jikin ba. Mafi muni shi ne abin da ake haɗiya. Wani ya sha tiramol don kada ya ji gajiya, wani a yi masa allurar kumbura tsoka a bayan kemis. Gajiya saƙo ce jiki ke aiko maka cewa ya isa, in ka toshe bakinta da ƙwaya ba ƙarfi ka ƙara ba, kunne ka toshe. Alluran nan kuwa suna taɓa hanta da zuciya, suna tayar da hawan jini, suna kuma iya rage wa namiji ƙwayoyin haihuwa. Wake da ƙwai da nono da ƙuli-ƙuli da isasshen barci sun ishe ku gina jiki, duk kuma akwai su a kasuwar Daura.

Kada kuma mu ɗauka motsa jiki baƙo ne da ya zo mana daga Turai. Da kaka, in an kai amfani gida, dandali ke cika da kokawa da dambe. Tsofaffi har yau suna ba da labarin 'yan dambe irin su Shago da Ɗandunawa. Yara suna langa, ƙafa ɗaya a riƙe ana tsalle ana ture juna, wanda duk ya taɓa yi ya san abin da take yi wa cinya da numfashi. 'Yan mata suna gaɗa da carafke da tsallen igiya. Maƙwabtanmu na Nijar ba su yar da nasu ba. Tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta Takobi a Tawa suke zagayawa da ita jiha jiha, ƙasa ta tsaya cak ana saurare a rediyo, har irin su Issaka Issaka na Doso suka zama sunan da kowane yaro ya sani. Tsakaninmu da ƙasar Damagaram taku kaɗan ne. Me zai hana makarantun firamare na masarautar nan su riƙa gasar langa da kokawa tsakanin gundumomi, hakimi ya sa kofi?

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, wato iyayenmu mata. Namiji ko ba komai yana fita. Matar birni fa? A da aikin gida kansa ya ishe ta. Surfe, daka, niƙa a dutse, jan guga, tankaɗe, faskare. Wadda ta daka gero mudu uku ta yi abin da ya fi na mai ɗaga ƙarfe. Yau injin niƙa ya karɓi turmi, 'yan garuwa sun karɓi guga, ga 'yar aiki, ga fina-finai a waya. Ba ina cewa a mayar da mata wahala ba, Allah ya kiyaye, kuma na san a ƙauyukan Baure da Zango har gobe akwai matan da ba motsi suka rasa ba, hutu da abinci mai gina jiki suka rasa. Su maganarsu daban ce. Amma ta cikin gari da aka sauƙaƙa wa aiki, ba a ba ta komai a madadinsa ba. Daga ɗaki sai tsakar gida, in za ta unguwa a kira mai Napep har ƙofar zaure. Haihuwa na ƙaruwa, jiki na ƙaruwa, gwiwa ta fara ƙara, a ce ai hutu ne, maigida ya iya kiwo. Wasu 'yan matan ma har maganin ƙiba suke saye, irin wanda ake kira sha-ka-fashe, don kada a ce ba sa jin daɗi. Ku je layin masu hawan jini da suga a kowane babban asibiti ku ga su wa suka fi cika benci.

Mace a garin nan ba za ta fita titi tana gudu ba, kuma ba wanda ya ce ta yi. Amma Islamiyyun matan aure suna da harabar da aka kewaye. Makarantun 'yan mata suna da fili da katanga da mai gadi, ranakun Asabar da Lahadi babu kowa. Me zai hana a ware awa ɗaya da safe, mata zalla, malama mace ta jagorance su, a zagaya fili, a miƙe gaɓoɓi, ma'aikaciyar lafiya ta zo da abin awon jini sau ɗaya a wata? Ba sai an gina komai ba, izini kawai ake nema da mabuɗi. Ku kuma magidanta, izinin nan a hannunku yake. Wanda ya hana matarsa rabin awar tafiya, ya shirya sayen maganin wata-wata har ƙarshen rayuwa. In fitar ce ba ka so, saya mata igiyar tsalle, ko ka rufe ƙofar gida bayan isha ku zagaya tsakar gida tare. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Wane girma ne gare mu da ya wuce wannan?

Tunda mun taɓo addini, maniyyata aikin Hajji su saurara. Safa da Marwa kaɗai, kai da komo bakwai, ta kai kilomita uku. Ga ɗawafi, ga tafiyar jifa daga Mina cikin zafi da cunkoso. Mutum ya shekara goma yana tara kuɗin kujera, bai yi wata ɗaya yana shirya ƙafafunsa ba, ya je can sai a keken guragu. Masu bita su sa tattaki cikin darasi.

Game da lokaci, Daura ba ta bukatar dogon bayani. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, don haka bayan sallar asuba ne ko dab da magariba, da gorar ruwa a hannu. Da hunturu mai asma ya rufe hanci, ko ya bari ƙura ta lafa. Da azumi a bari sai an sha ruwa. Wanda ya haura shekara 40, ko yake jin ciwon ƙirji ko jiri in ya yi sauri, ya fara zuwa a auna shi, sannan ya soma da minti goma yana ƙarawa.

Mai kuɗin da ke tunanin buɗe gidan motsa jiki a Daura, ina ƙarfafa masa gwiwa, kasuwa ce, ga ɗalibai ga ma'aikata ga sojoji. Sai dai kada ya kwafo na Abuja. Na'urar gudu wuta take ci, in ta lalace sai an nemo mai gyara daga Kano. Rumfa mai iska, ƙarafa masu awo, kekunan da ba sa bukatar lantarki, randar ruwa da banɗaki mai tsafta sun fi masa riba. Ya karɓi kuɗin shiga na kullum, domin yawancin mutanenmu kullum suke samu, ba wata-wata ba. Ya ware ranakun mata da ma'aikata mata, a rufe ƙofa, a ajiye waya a waje. Ya kuma ɗauki wanda ya karanci abin. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello sun daɗe suna yaye masu ilimin motsa jiki, da yawansu suna zaune ba aiki.

Saura hukuma. A garuruwanmu da dama mun ga yadda filin ƙwallon unguwa ke zama shaguna dare ɗaya, filin makaranta a yanka shi fuloti. Daura tana kan girma, yanzu ne ake fitar da sababbin unguwanni, yanzu ne kuma za a iya cewa kowace unguwa a bar mata fili, kowane sabon titi a yi masa gefen masu tafiya a ƙasa da fitila. In aka bari aka gine, ba mai rushe gidansa don yara su yi ƙwallo. Wannan aikin shugabannin ƙananan hukumomi biyar na masarautar ne da masu tsara gari.

Amma kunyar nan da na faro da ita, ba kansila ne zai cire ta ba. Muna roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, Allah ya ja zamaninsa, da ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su riƙa fitowa tattaki da jama'arsu ko da safiyar Asabar ɗaya ce a wata. Ranar da talaka ya ga hakiminsa ya taka kilomita biyu da ƙafa, ba mai sake tambayar wani ina motarsa. Limamai su faɗa a huɗuba. Kai kuma mai saurarena, gobe in an sallame asuba kada ka koma shimfiɗa, ja maƙwabcinka ku taka rabin awa. In ɗan acaɓa ya tsaya, ka ce masa ka gode, lafiya lau, tafiyar ce kake so.